Yadda Ake Saƙa Rigar Kafaɗa Mai Dogon Hannu: Darasi Ga 'Yar Koyo

Idan hunturu ya kankama, musamman a Disamba da Janairu, kafaɗu da damatsa ne sanyin safiya ya fi addaba. Kin san dabarar da aka saba: a ɗauko gyale a yafa ta baya, a riƙe bakinsa biyu da hannuwa. Yana maganin sanyin, sai dai da kin miƙa hannu za ki ɗauki buta ko ki juya miya, ya zame ke nan. To ki ƙaddara an naɗa gefen gyalen nan na dama a hannunki na dama, an ɗinke shi daga wuyan hannu zuwa hammata, aka yi wa na hagu haka, aka bar tsakiyarsa a buɗe yana rufe bayanki. Yanzu ba zai ƙara zamewa ba, domin ya zama riga. Wannan ita ce rigar kafaɗa da za mu saƙa. Tana rufe hannuwa da kafaɗu da saman baya, ta bar gaba a buɗe, saboda haka ba ta ɓoye ɗinkin atamfarki, kuma hijabi yana hawa kanta ba tare da ya yi tudu ba.

Abin da ya sa ta dace da 'yar koyo shi ne, duk rigar ƙyalle ɗaya ne mai tsawo da kusurwa huɗu. Ba za ki fitar da wuya ba, ba za ki haɗa hannu da jiki ba, babu maɓalli. Awo da ninki ne suke ba ta siffa. Idan awonki ya yi daidai, ko da hannunki bai gama faɗawa ba, rigar za ta zauna miki.

Kayan aiki

Abu na farko zare. Ki nemi ulu mai matsakaicin kauri. Wasu kamfanoni suna buga lambar kauri a takardar da aka naɗe zaren da ita, daga 0 zuwa 7, kuma lamba 4 ita ce tamu. Idan abin da kika samu a kasuwa siriri ne, irin wanda ake saƙa hular jarirai da shi, ki haɗa biyu ki riƙa saƙa su tare tamkar zare ɗaya. Za ki buƙaci mita 500 zuwa 600, wato wajen giram 300 zuwa 400 na mai matsakaicin kauri. Ki saye shi duka lokaci guda, kuma ki duba lambar rini da ke jikin takardar ta zama ɗaya, domin zare mai launi ɗaya da aka rina a tukunya daban yakan bambanta kaɗan, kuma bambancin sai an saƙa yake fitowa. Ki zaɓi launi mai haske da zare mai santsi. A cikin baƙi ko mai gashi-gashi ba za ki ga abin da hannunki yake yi ba.

Na biyu kibiyoyin saƙa. Ki nemi biyu masu kaurin milimita 5 don jikin riga, da biyu masu milimita 4 don bakin hannu. Sai tef ɗin awo na tela, almakashi, fil mai makulli kamar guda goma, allura mai babbar kafa wadda ba ta da tsini, da kwarashi ɗaya don gyaran kuskure.

Ɗora ido a kan kibiya

Duk saƙar kibiya zare ɗaya ne da ake zaro hanci ta cikin hanci. Kowane hanci da ke zaune a kan kibiya shi za mu riƙa kira ido. Aikinki a kowane layi shi ne ki kwashe idanun da ke kibiyar hagu ɗaya bayan ɗaya, ki zaro sabon ido ta cikin kowanne, ki tara sababbin a kibiyar dama. Idan hagu ta ƙare, ki musanya kibiyoyin a hannunki ki sake.

Ki bar wutsiyar zare kamar santimita 15, ki yi zarge, ki saka shi a kibiyar hagu ki ja kaɗan. Idonki na farko ke nan. Ki cusa tsinin kibiyar dama cikinsa daga gabanki zuwa baya, yadda kibiyar dama za ta zauna a ƙarƙashin ta hagu. Ki zagayo da zaren dunƙule ta bayan kibiyar dama ya biyo tsakanin kibiyoyin biyu. Ki jawo tsinin zuwa gabanki tare da zaren da ya ɗauko. Ga sabon hanci ya fito. Ki ɗora shi a kibiyar hagu, kin sami ido biyu. Ki sake shiga wannan sabon, ki zaro wani, ki ɗora. Haka za ki yi ta yi har ki kai adadin da kike so. Kada ki matse su. Ido ya kamata ya riƙa zamewa a kan kibiya cikin sauƙi.

Saƙar gaba da saƙar baya

Idan kin iya ɗora ido, to kin riga kin iya saƙar gaba, domin motsin ɗaya ne. Zare yana bayan aiki. Ki cusa, ki zagayo, ki zaro. Bambancin kawai, sabon idon a kibiyar dama za ki bar shi, tsohon kuma ki zame shi daga kibiyar hagu. Kada ki raina wannan ɗan motsi. Cikin tsofaffin kayan saƙar kibiya da aka gano a duniya akwai safunan auduga masu fari da shuɗi daga Masar, na wajajen ƙarni na 11 zuwa na 13, kuma saƙar gaban nan ce jikinsu.

Saƙar baya kuwa juyin ta gaba ce. Ki kawo zare gabanki. Ki cusa tsinin kibiyar dama cikin ido daga dama zuwa hagu, ta yadda kibiyar dama za ta kasance a gaban ta hagu. Ki ɗora zaren a kan tsinin, ki zagayo da shi ta tsakanin kibiyoyin ya dawo gabanki. Ki tura tsinin baya tare da zaren, ki zame tsohon idon. Ga abin da zai sauƙaƙa miki fahimta: kowane ido yana da fuska da ƙeya. Fuskarsa sumul take, da siffar harafin V. Ƙeyarsa ɗan tudu ne a kwance. Saƙar gaba tana tura tudun nesa da ke, saƙar baya tana jawo shi wajenki.

Daga waɗannan biyu za mu fitar da zubi uku, kuma dukkansu suna cikin rigarmu. Idan kin yi saƙar gaba a kowane layi, ƙyallen zai fito da tudu-tudu ciki da waje, ya kwanta shar ba ya nannaɗewa. Idan kin yi layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, duk tudun zai taru a ɓangare guda, ɗaya ɓangaren ya fito sumul irin jikin suwaita, amma gefensa yakan naɗe. Idan kuma a cikin layi ɗaya kika riƙa yin ido ɗaya gaba, ido ɗaya baya, sai ki sami saƙa mai miƙewa ta koma, wadda kike gani a bakin hannun suwaita da bakin safa. Idan akwai wata a unguwa da ta iya, ki je ki zauna kusa da ita ki ga yadda yatsunta suke tafiya, gani ya kori ji.

Awo da ɗan gwaji

A nan ne za mu ɗan daɗe, domin a nan riga take gyaruwa ko ta lalace. Awo biyu kike buƙata. Na farko tsawo: ki miƙa hannuwanki gefe da gefe, wata ta auna miki daga wuyan hannun dama, ta bi ta bayan kafaɗu, zuwa wuyan hannun hagu. Mu ɗauka an sami santimita 140. Na biyu faɗi: ki auna kewayen damtsenki a inda ya fi kauri, ki ƙara santimita 10 don sakewa. Idan damtsen 32 ne, faɗin ya zama 42. Ki lura, wannan faɗin aiki biyu yake yi. A hannu shi ne kewayen hannun riga, a tsakiya kuma shi ne tsawon bayan riga daga ƙeya zuwa ƙasa. Idan kina son ta sauko ta ƙara rufe baya, ki ƙara faɗin, amma ki san hannun ma zai ƙara buɗewa.

Yanzu tambaya: ido nawa ne zai ba ki santimita 42? Babu mai iya faɗa miki, sai hannunki. Mata biyu za su ɗauki zare ɗaya da kibiya ɗaya, wannan ta matse, waccan ta sassauta, ƙyallensu ya fito daban. Saboda haka ake yin ɗan gwaji. Ki ɗora ido 26 a kibiya mai milimita 5, ki saƙa layi gaba layi baya har ya kai santimita 12, ki rufe yadda za mu bayyana a gaba. Ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe. Sannan ki ɗora tef a tsakiyarsa ba tare da kin ja shi ba, ki ƙirga V nawa ne a jere cikin santimita 10. Zare mai lamba 4 yakan ba da 16 zuwa 20.

Mu ce kin sami 18. Ki ninka faɗin da kike so da wannan adadi, ki raba da 10. Wato 42 sau 18, a raba da 10, ya ba da 75 da ɗoriya. Ki cika shi 76, don muna son adadin da yake rabuwa biyu, rabinsa ma ya rabu biyu. Ki duba abin da tsallake gwajin yake jawowa. Wadda hannunta yake ba da 20, idan ta ɗora ido 76, ƙyallenta santimita 38 zai tsaya, ya kama mata damtse. Wadda take ba da 16 kuwa, nata zai haura 47. Ido biyu kacal a gwaji sun zama tazarar santimita huɗu zuwa biyar a jikin riga. Don haka lambobin da ke tafe misali ne, ki musanya su da naki.

Daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu

Za mu fara daga bakin hannu ɗaya, mu ratsa baya, mu ƙare a ɗaya bakin. Ki ɗauki kibiya mai milimita 4 ki ɗora rabin adadinki, wato ido 38. Ki saƙa ɗaya gaba, ɗaya baya, har ƙarshen layi, ki juya ki maimaita daidai haka. Duk sanda za ki sauya daga gaba zuwa baya, ki fara wuce da zaren ta tsakanin kibiyoyin biyu. Idan ya bi ta kan kibiya, zai haifar da idon da ba ki nema ba. Ki ci gaba har ya kai santimita 8.

Sai ki ninka adadin. A kowane ido, ki yi saƙar gaba amma kada ki zame tsohon. Ki sake cusa tsinin ta bayan wannan idon, ki zagayo zare, ki zaro, sannan ki zame. Ido ɗaya ya haifi biyu. Idan kin kai ƙarshen layi, ki ƙirga, ya kamata ki ga 76. Daga nan ki koma kibiya mai milimita 5.

Jikin rigar layi biyu ne ake maimaitawa. A ɓangaren ciki, ido 5 na farko gaba, 66 na tsakiya baya, 5 na ƙarshe gaba. A ɓangaren fuska, saƙar gaba daga farko har ƙarshe. Waɗannan biyar-biyar ɗin na gefe su ne za su fito da tudu-tudu, su hana ƙyallen nannaɗewa. Daga baya su ne za su zama bakin wuya da bakin ƙasa na rigar, ba sai kin yi musu wani ƙari ba. Ki maƙala fil a ɓangaren fuska don kada ki rikice da wane layi ne a gabanki.

Tsawon duka 140 ne, bakin hannu biyu sun ci 16, saura 124. Sai dai saƙa tana miƙewa da nauyinta idan an sa ta a jiki, saboda haka ki tsaya a wajen 120 zuwa 122. Idan za ki auna, ki shimfiɗa aikin a kan tebur ko tabarma, kada ki auna shi yana lilo. Zai kai layi 300 ko kusa da haka. Idan kina yin goma kullum bayan la'asar, wata guda ya ishe ki. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan dunƙule ya kusa ƙarewa, kada ki bari ya yanke miki a tsakiyar layi. Ki fara sabo a bakin layi, ki bar wutsiyar santimita 15 daga tsoho da sabo, ki ɗan ɗaure su sako-sako. A ƙarshe za ki kwance ki ɓoye su.

Da kin kai tsawon, sai ki rage. A ɓangaren fuska, ki cusa tsinin cikin ido biyu lokaci guda, ki yi musu saƙar gaba tamkar ɗaya. Haka har ƙarshen layi, 76 ya koma 38. Ki dawo kibiya mai milimita 4, ki yi ɗaya gaba ɗaya baya na santimita 8. Rufewa kuma ga yadda take: ki saƙa ido biyu, ki ɗaga na farko da tsinin hagu ki tsallakar da shi ta kan na biyu ya fita daga kibiya. Ki saƙa ɗaya, ki sake tsallakarwa. Idan saura ɗaya, ki yanke zare ki zaro wutsiyar ta cikinsa. Ki yi wannan layin da babbar kibiya, domin rufin da ya matse ba zai bar tafin hannunki ya wuce ba.

Kurakuran da kowace 'yar koyo take gamuwa da su

Ki riƙa ƙirga idanunki bayan kowane layi huɗu ko biyar. Idan kin ga sun ƙaru, yawanci a farkon layi matsalar take. Idan zaren ya hau ta kan kibiya, idon farko yakan birkice ya nuna ƙafa biyu, sai a ɗauka ido biyu ne. Kafin ki fara layi, ki ja zaren ƙasa ki ga idon ya zauna daidai.

Idan kuma sun ragu, wani ido ya zame. Za ki ga ya sauko ya bar zaruruwa a kwance a samansa. Kada ki warware aikin. Ki maƙale shi da fil don kada ya ƙara gudu, ki saƙo har ki iso wurin. Ki juya ɓangaren fuska wajenki, ki sa kwarashi cikin idon, ki kamo zaren da ya fi kusa da shi ki zaro ta ciki, sannan na samansa, har ki kai sama ki mayar da shi kan kibiya. Game da rashin daidaiton saƙa kuwa, wani ido babba wani ƙarami, kada ya dame ki. Wankin farko yana gyara da yawa daga ciki, sauran kuma sabo ne yake gyarawa.

Ninki da ɗinki

Ki shimfiɗa ƙyallen, fuskarsa tana kallon ƙasa. Ki ninka shi ta tsawo, dogon gefe ya haɗu da dogon gefe, fuskar ta dawo waje. Kada ki yi gaggawar ɗinki. Ki fara kama kowane hannu da fil, daga bakin hannu zuwa wajen santimita 43. Abin da ya rage a tsakiya, kimanin 50 zuwa 52, shi ne ƙofar da jikinki zai shiga. Ki zura hannuwanki ki gwada. Gefe ɗaya na ƙofar zai bi ta ƙeyarki, ɗayan ya ratsa bayanki ta ƙasan allon kafaɗa. Ki miƙa hannu gaba, ki ɗaga sama. Idan tana jan hammata, ki cire fil ɗaya a kowane ɓangare ƙofar ta ƙara faɗi. Idan tana saɓulewa daga kafaɗa, ki ƙara. Ki tabbata tsawon ɗinkin dama da na hagu ɗaya ne.

Sai ki zura zaren saƙar a allura, ki fara daga bakin hannu. A gefen ƙyallen za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle a jere, ɗaya a kowane layi biyu. Ki ɗauki ɗaya daga wannan gefe, ɗaya daga wancan, kina tafiya. Bayan kowane santimita uku ki ja zaren a hankali gefunan su haɗu, amma kada ki ja har ɗinkin ya tattare. A hammata ki maimaita sau biyu ko uku, domin nan ne ya fi shan wahala. Duk wutsiyar da ta rage, ki bi da ita ta cikin tudun ɓangaren ciki kamar santimita biyar, ki juyo da ita baya kaɗan, ki yanke.

Wanki da ajiya

Ki wanke ta da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ki riƙa dannawa ba cuɗawa ba. Kada ki murɗe ta. Ki naɗe ta cikin tawul ki danne ruwan ya fita, ki shimfiɗa ta a inuwa, ki daidaita ta da hannu bisa awonki. Idan kika rataye ta a igiya da ruwa a jikinta, hannayen za su zazzago. Idan zaren na roba ne, kada dutsen guga ya taɓa shi, domin zafi yana kashe shi, har ya narkar da shi. Idan na gashin tumaki ne, ruwan zafi da cuɗa suna sa ya tsuke ya cure, kuma ba ya komawa yadda yake. Wajen ajiya, ninkewa ake yi, ba ratayewa ba.

Wadda ta gama wannan riga ta koyi ɗora ido, saƙar gaba da ta baya, ƙari, ragi, rufewa da haɗawa, kuma da waɗannan ake saƙa hula da suwaita da kayan jarirai. Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki jira sai sanyi ya shigo. Ki sayi zarenki tun a Oktoba, ki fara da ɗan gwajin nan na ido 26, kuma kada ki ɗora idon rigar sai kin ƙirga abin da hannunki ya ba ki.